Salkar Maigandi a Gaban Kwamiti

Jama'a, yau Alhamis na fita gida da sassafe da niyyar kallon tseren babura, na dawo bayan azahar da sunan wanda ya kayar da maƙwabcinsa a gaban kwamiti. Kalmomin da na faɗa huɗu ne kacal. Na maimaita su a hanya, na sake maimaitawa da na zauna cin abinci, har uwargida ta tambaye ni ko da shinkafar nake magana.

Bari in fara daga farko, saboda waɗanda ba su san tseren ba. Shekara tara ke nan muna yin sa a cikin kwarin Aƙiƙ, nan gefen Madina, idan ya bushe ƙayau. Da can babu wani tsari. Ma'aikatan filin jirgi ne da 'yan gareji, kowa ya zo da dabbab ɗinsa, wato babur a bakin mutanen garin nan. Wani ya ja layi da ƙafa a kan yashi, wani ya ɗaga rawani ya sauke, a tashi. Wanda ya ci shi ke ba kowa shayi. Ba mu taɓa yin rigimar da ta wuce sallar la'asar ba. Sai shekara uku da suka wuce Allah ya albarkace mu da kwamiti. Yanzu muna da rumfa, da kujeru masu hannu, da lasifika, da takarda mai kwafi uku, da kofi mai tsayin tulu. Abin da muka rasa kawai shi ne tashi a kan lokaci.

Ba zan faɗi sunan shugaban kwamitin ba, ba don tsoro ba, sai don girmamawa. Mu dai a tsakaninmu Mai Girma Uban Inuwa muke ce masa, domin tun da muka san shi rana ba ta taɓa ganin ƙeyarsa ba. Yana da mai duba babura, wanda muke kira Sarkin Taɓawa. Wannan bawan Allah bai taɓa riƙe sifana ba a rayuwarsa, amma an ba shi yatsa mai ilimi. Abin da makaniki zai kwana biyu yana kwancewa, shi taɓawa ɗaya yake yi ya yanke hukunci.

To, bana kwamitin ya yi abu ɗaya na hankali, kuma wannan yabon na gaske ne, kada ku nemi ƙaya a cikinsa. Kun san tun bara sababbin babura suka fara shigowa, masu lagireto kamar mota, ruwa na zagaya injin yana sanyaya shi. Namu na da kuwa iska ce gatansu. Injin yana da haƙarƙari a jiki, iska ta bi ta tsakani ta kwashe zafi. Wannan dabara ce mai kyau a ƙasar da iska ke da sanyi. A nan Madina, inda iskar kanta take kamar ta fito daga tanderun mai burodi, kafin zagaye na biyar injin iska ya fara haki, ƙarfinsa ya ragu, shi kuwa mai ruwa yana nan yadda ya tashi. Haɗa su a tsere ɗaya zalunci ne. Saboda haka kwamiti ya raba aji biyu: ajin masu shan iska, da ajin masu shan ruwa. Na ji labarin nan na ce alhamdu lillahi, ashe kujera mai hannu ba ta hana tunani.

Wanda ya fi kowa murna shi ne maƙwabcina Maigandi. Katanga ɗaya ta raba mu a unguwar Jurf shekara goma sha tara. A filin jirgi shi ke tuƙa taraktar kaya, ni ke loda mata akwatunan alhazai. Shekarunsa hamsin da biyu, dabbab ɗinsa ja ne, tsoho, mai shan iska, kuma sau huɗu yana zuwa na biyu. Bai taɓa zuwa na ɗaya ba. Matarsa Kaltuma ta gaji da wanke raunuka, ta ce bana ne ƙarshe: ya yi tserensa, ko ya ci ko bai ci ba, ranar Asabar babur ya tafi kasuwar gwanjo. Ya rantse a gabana. Ke nan yau ce ranarsa ta ƙarshe, kuma da aka cire masu lagireto daga gabansa, babu wanda ya rage da zai sha masa gaba. Wata guda yana goge wurin da zai ajiye kofin.

Saura in gaya muku zancen salka. Duk wanda ya san hanyoyin ƙasar nan ya san ana rataya salkar ruwa a gaban mota. Fatar tana tsatsafo, iska na bugunta, ruwan ciki ya yi sanyi kamar na randa. Maigandi ya gaji tasa daga mahaifinsa, ya rage mata girma, yana rataya ta a gefen tankin babur. Shekara da shekaru tana ɗiga a ƙasa, ba ta dami kowa ba. Bara cikin tsakiyar zafi ya lura idan babur ya karkata, ɗigon ya sauka kan injin ya yi cuu, sai injin ya ɗan farfaɗo. Sai ya matsar da ita taƙi ɗaya zuwa ciki. Ya ce, "Malam Abdu, riƙe mini igiyar nan. Ni in sha, shi ma ya sha." Na riƙe. Na yi dariya ma. Ku riƙe wannan a ranku, don ni ban iya ajiye shi ba.

Mun isa kwari da hantsi, muka tarar da layin dubawa ya kai bakin duwatsu. Tebur ɗaya ne, mutum uku a bayansa, biro ɗaya. Mun yi sa'a biyu a tsaye muna kallon tankar ruwa tana zagaya rumfar manya tana feshi, don kada ƙura ta taɓa fararen riguna. Tanka guda ta ƙare, aka kira ta biyu. Na ce wa na gabana, wani Basudane mai gyaran taya, da za su matso da feshin nan wajenmu da mun yi musu addu'a. Ya ce, "Ya zol, bawan Allah, ai mu ne ƙurar da ake kashewa."

Da layi ya zo kanmu, Sarkin Taɓawa ya zagaya baburin Maigandi hannu a baya. Ya miƙa yatsa ya taɓa haƙarƙarin injin. Ya ɗaga yatsan sama, ya dube shi a hasken rana.

"Moya!" in ji shi. "Ruwa ne. Ajin ruwa."

Maigandi ya yi dariya, yana zaton wasa ne. "Haba ya shehi, salka ce. Ruwan sha. Kakanka ma da irinta ya tako daga Borno zuwa garin nan."

"Kakana bai shiga tsere ba."

"To nuna mini lagireto a jikin abin nan. Nuna mini famfo. Nuna mini tiyo ko guda."

"Ni ba ruwana da tiyo. Littafi ya ce injin da ruwa ke sanyaya shi. Wannan inji ne?"

"Inji ne."

"Wannan ruwa ne?"

"Zufar akuya ce!"

Mutane suka fashe da dariya, kuma dariyar ce ta tayar da Mai Girma Uban Inuwa daga kujerarsa. Ya tako zuwa iyakar inuwar rumfa, ya tsaya cak, kamar an ja masa layi. Aka yi masa bayani. Aka kawo littafin doka, wanda aka fassaro daga wata ƙasa mai dusar ƙanƙara, inda na tabbata ba a taɓa ganin salka ba. Ya juya shafi gaba, ya juya baya, sannan ya ce maganar da ta ba ni mamaki, don ta malamai ce.

"Magana ta koma kan niyya. Idan don mutum aka rataya salkar, ɗigon kuskure ne, babur na iska ne. Idan don inji aka rataya ta, na ruwa ne. Akwai wanda ya san mutumin nan?"

Jama'a, ba ni na miƙa kaina ba. Maigandi ne ya juyo da fara'arsa ya kamo hannuna.

"Ga Abdussamad. Shekara sha tara katanga ɗaya. Duk Jurf an san ba ya ƙarya. Faɗa musu, maƙwabci."

Ni ban yi makarantar zamani ba. A jikin akwatunan alhazai na koyi haɗa baƙi, sauran na tsinta a jaridun da ake naɗe kaya da su. Amma Allah ya jarabce ni da wata cuta: ƙaramar tambaya ba ta barina in huta. Na taɓa yin mako guda ina tunanin dabinon da ya faɗo gidana daga bishiyar maƙwabci, ko nawa ne ko nasa, har dabinon ya bushe a kan taga. To ku dubi irin wannan mutum an tsayar da shi a rana an ce ya auna niyyar wani.

Na ce a raina, ɗigo nawa ne ma? Kafin ya sauka rabi ya bi iska. Ko kusa bai kai aikin lagireto ba, kowa a wurin ya sani, shi ma mai yatsan ya sani. Idan na ce don mutum ne, na taimaki adalci da ƙarya. Idan na faɗi abin da na sani, na taimaki shirme da gaskiya. Wanne ne nawa a ciki? Kuma ba a tambaye ni ko dokar tana da hankali ba. An tambaye ni abin da na gani, ni kuwa na ga igiya, don a hannuna take. Sai wani sashe na zuciyata ya ce, ai ba rantsuwa aka ba ka ba, wannan kwamitin tsere ne ba kotu ba. Wani sashen ya ce, mutumin nan da sunan ba ka ƙarya ya kira ka, da wannan sunan za ka yi ƙaryar? Maigandi na murza mini hannu. Uban Inuwa na duban agogo.

Na ce, "Don su biyu ne."

Hatimi ya sauka kafin in rufe baki. Ban taɓa ganin aikin kwamitin nan ya yi sauri haka ba.

Maigandi ya saki hannuna a hankali, kamar wanda ya gane ba nasa ya ɗauka ba. Bai dube ni ba. Ya ce da su, "Ɗayyib, na ji. Na cire salkar. Ga ta, ku riƙe. Injin zai bushe kafin ku sha shayi."

Sarkin Taɓawa ya ce an riga an buga hatimi, kuma kwafi uku ne.

"To in cire ta in shiga ajin ruwan, ko nauyi ya ragu."

Aka sake buɗe littafi. Aka ce a'a, ajin ruwa sai babur mai ruwa a jiki lokacin tashi. Idan ya cire salka ba ya cikin ajin ruwa, ajin iska kuma hatimi ya hana shi. Wato da safe salkar ce laifinsa, kafin azahar ta zama wajibi a kansa. Ina roƙon duk mai ilimin da ke karanta wannan shafi ya rubuto mini sunan wannan babi.

Muna nan tsaye sai ga wani saurayi ya turo sabon babur, shuɗi, lagiretonsa na walƙiya kamar haƙorin Makka. Bai bi layi ba, kuma ba wanda ya ce masa don me. An ce ɗan ƙanwar matar wani ne, ban ji ko wane ne wanin ba, kuma ban tambaya ba. Sarkin Taɓawa ya buɗe murfin lagireto, ya zura yatsa, ya fito da shi a bushe.

"Hawa! Iska. Ajin iska."

Na ce, "Ranka ya daɗe, lagireto ne fa. Ga shi nan kamar tagar gida."

Uban Inuwa ya dube ni da tausayi, ya ce, "Ya ammi, baffana, ba a kira ka shaida a kan wannan ba."

Gaskiyarsa. Ba a kira ni ba. Haka kuma ba a kira ni shaida ba lokacin da na zagaya bayan rumfa neman inda zan zauna, na ga saurayin yana ɗura wa lagireton ruwa da buta, ruwan ƙanƙara ma, daga cikin na manyan baƙi. Dole a yaba wa kwamitin da ya gano cewa babur yana iya sauya aji kamar matafiyi da azumi: da safe a bushe, in an jima a sha.

Aka tashi ajin iska rana na tsaka. Shuɗin babur ya ba na biyu ratar zagaye guda cur. Ina kallo sai na ji wani sanyi a raina, na ce ashe ko na yi ƙaryar, Maigandi na biyu zai zo, karo na biyar. Ashe ban hana shi komai ba. Na ji daɗin wannan tunani na kusan minti biyu, sannan ya tsinke. Lokacin da na yi magana ban san da shuɗin babur ba. Kofinsa na ɗauka na bayar, ko da kuwa daga baya ta bayyana kofin ba ya wurin. Abin da wani ya sace bayan rumfa ba zai zama wankina ba.

Sai ajin ruwa. Babura shida sababbi fil, samari da huluna masu gilashi, sai na bakwai, dattijo da furfura a kan jan babur, salka na lilo a gefe. Tun kafin a tashi 'yan kallo suka raɗa masa suna, suna ta ihu, "Abu Girba! Abu Girba!" wato mai salka. Ba zan yi muku ƙarya ba, tunda yau na ga abin da rashin ƙaryar ke ci: bai ci ba, bai ma kusa ba. A miƙaƙƙiyar hanya suna wuce shi kamar yana tsaye. Amma a kwana, inda yashi ke da laushi, tsohon nan yana shiga ta ciki ya fito gabansu, sai sun sake kamo shi. Sau uku yana yi musu haka, kwarin kamar zai tsage da ihu. Ɗaya daga cikin samarin ya zame a caɓin da tanka ta yi a gaban rumfa, ya watsa wa sahun gaba laka har gemu. Shi ne Maigandi ya zo na shida a cikin bakwai.

A zagayen ƙarshe, da ya zo daidai kujerar Uban Inuwa, ya rage gudu, ya kwance bakin salka da hannu ɗaya, ya kurɓa, ya juye sauran a kan injin. Tururi ya tashi. Ya ɗaga musu hannu ya wuce. An ce lasifika ta yi ta kiran a zo a ga miƙa kofi, amma mutane suna can wajen na shida.

Ni dai ban je ba. Da babur ɗinsa muka zo, a bayan motar ɗaukar kaya na koma, tsakanin tayoyi biyu da Basudanen nan, wanda bai ce mini komai ba sai, "Ya zol, kai ko a gidan biki kada a kira ka."

Da na shiga gida na ji muryar Kaltuma ta kan katanga. "Malam Abdu, an ce kai ka yi aikin?"

Na ce, "Ni ne, Uwar Fatna. A yi haƙuri."

"Haƙurin me? Ya dawo da ƙafafunsa biyu. Da ya ci kofin nan, baɗi cewa zai yi sai ya je kare shi. Asabar dai tana nan."

Wannan bai sanyaya mini rai ba. Godiyar wanda ka yi wa amfani ba da niyya ba, ita ma wata tambayar ce, na ajiye ta sai na sami sarari.

Bayan la'asar aka yi sallama. Maigandi ne, ya yi wanka, yana riƙe da takarda. Na shimfiɗa masa tabarma, na kawo shayi. Ya sha kofi ɗaya. Na fara, "Maƙwabci, ni fa..." Ya ɗaga hannu.

"Bar shi. Ni na kira ka, kuma na san halinka. Wanda ya san injinsa na zafi bai kamata ya ɗora masa hannu ba. Na yafe."

Wallahi sai da idona ya kawo ruwa.

"Amma da sharaɗi." Ya warware takardar a kan tabarma, ya danne gefenta da kofin shayi. "Karanta nan, kai mai karatu."

Na karanta. Nau'in inji: mai sanyaya da ruwa. Hatimi, sa hannu, kwanan wata.

"Ka san yadda mai ruwa ke daraja a kasuwar gwanjo yanzu? Jibi za ka raka ni. Ba na so ka yi ƙarya, Allah ya kiyaye, kai da ƙarya? Duk wanda ya zo tayi, ka faɗa masa abin da ka gani kawai. Kwamiti ya duba babur ɗin nan?"

"Ya duba."

"Ya ce na ruwa ne?"

"Ya ce."

"Ya yi tsere da masu lagireto, har ya wuce ɗaya?"

"Maigandi, wancan faɗuwa ya yi."

"An tambaye ka? Na wuce shi ko ban wuce shi ba?"

"Ka wuce shi."

"Halas, magana ta ƙare. Ƙarfe bakwai zan buga maka ƙofa." Ya naɗe takardarsa, ya ƙara kofi ɗaya, ya fita yana murmushi. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Duk Jurf an san ba ka ƙarya. Lokaci ya yi da maƙwabcinka zai ci moriyar abin."

Ga ni nan zaune tun ɗazu. Kowace kalma da zan faɗa jibi gaskiya ce, idan aka haɗa su kuma ƙarya ce mai ƙafa biyu da salansa. Idan na ƙi zuwa, na kayar da mutum sau biyu a mako ɗaya. Saboda haka zan je, zan tsaya kusa da shi, zan amsa abin da aka tambaye ni. Sai dai idan wani cikinku ya bi ta kasuwar gwanjo ranar Asabar, ya ga jan dabbab da takarda mai hatimi, da wani dogon mutum a gefe yana kallon ƙasa, don Allah ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin tanki kafin ya taya. Maigandi ba ya karanta shafin nan, kuma ina roƙon kada wani ya yi masa karambanin karantawa kafin Lahadi.